Faifan ƙwallo na bana: an sauya wa tuwo suna

A ƙarshen watan Satumba, daidai lokacin da manoman Dakoro da na Kornaka ke ɗaure damman hatsi, iyaye kuma na lissafin littattafai da tufafin ƴan lakkwal, akwai wata kaka ta daban da samarin gari ke jira. Ita ce fitowar sabon faifan wasan ƙwallon ƙafa na na'urar PlayStation, wanda kamfanin EA Sports na Amurka ke fitarwa shekara-shekara tun 1993, da sunan FIFA a da, da sunan EA Sports FC tun daga 2023. Duk wanda ya ratsa bakin tasha ko gefen kasuwa bayan la'asar ya san rumfunan da ake wannan wasa: tele biyu ko uku bisa tebur, dogon benci, ƙaramin inji na ruri a waje saboda ɗaukewar wuta, yara biyu riƙe da manet, wasu goma a bayansu suna jiran layi, kowa da ƴan sulallansa a dunƙule cikin hannu.

To amma ba a rufa mako biyu da isowar sabon faifai daga Kano ko Maradi sai ƙorafi ya tashi. Mai tsaron gidan da ya saba sakin ƙwallo bara, bana ma yana sakinta. Ɗan bayan da ke tsayawa kamar turke alhali abokin gaba na wucewa, yana nan tsaye inda aka bar shi. Mai sharhi kuwa kalmomin bara yake maimaitawa. Abin da ya sauya a fili shi ne riguna da sunaye da lambar shekara: Mbappé ya tuɓe rigar Paris ya sanya ta Real Madrid a 2024, Osimhen ya bar Napoli ya koma Galatasaray, an sake kiɗan buɗewa, an sake hoton bangon faifai. Shi ya sa za ka ji samari na cewa an dai sauya wa tuwo suna.

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin rakin yara, alhali kuwa kamfanin da kansa ya sha tabbatar da zancen. FIFA 14 na shekarar 2013 shi ne na ƙarshe da aka yi wa PlayStation 2. FIFA 19 na 2018 shi ne na ƙarshe a PlayStation 3, kuma ya fito da tambarin Legacy Edition, wanda ma'anarsa ita ce ba a taɓa tsarin wasan ba, sunaye da riguna kawai aka sabunta. Haka aka yi wa masu na'urar Nintendo Switch shekara huɗu a jere, daga FIFA 20 zuwa FIFA 23, har a 2020 wani ɗan jarida na kafar IGN ya kwafe sharhin da ya rubuta a kan faifan bara ya sake bugawa a kan na bana, ya ba shi maki 2 cikin 10, domin ya nuna wa kamfanin irin aikinsa. A 2021 kuma, sabuwar dabarar motsin ƴan wasa da aka cika duniya da tallarta a FIFA 22, mai suna HyperMotion, ba ta shiga faifan PlayStation 4 ba. Kasancewar na'urorin da ke isowa garuruwa irin Dakoro galibi na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a wasu ƙasashe, ɗan gyaran da ake yi ma ba ya kai wa ga yaran rumfa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya shafi ƴan kasuwa da ma'aikata kai tsaye. Sabon faifai na asali yana kai wa Yuro 70 a Faransa. Tun da Yuro guda sefa 655 ne da ɗoriya, wannan ya kama kusan jika 46, kafin a sa kuɗin mota da na duwan da ribar mai kawowa. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne. Ke nan faifai guda ya fi gumin wata na ƙaramin ma'aikaci. A ɗauka mai rumfa yana karɓar dala 20, wato sefa 100, a kowane wasa: sai an buga wasa 460 kafin ya ga uwar kuɗinsa, ban da man inji da gyaran manet da haya. In bai saya ba, yara su gudu rumfar maƙwabci, domin babu mai son buga Real Madrid ba tare da sabon ɗan wasanta ba. In ya saya, ya biya kuɗin sabon kaya a kan tsoho. Haka mushen lakkwal ko malamin asibiti ke shan naci a gida, ɗa na cewa Baba na bara ya tsufa, alhali faifan ko ƙwarzane bai yi ba.

Me ya sa gyaran ke tafiyar hawainiya? Dalili na farko shi ne lokaci. Tilas faifai ya fito farkon kakar wasannin Turai, ko an gama aiki ko ba a gama ba. Tsakanin wannan fitowa da mai zuwa wata 12 ne kacal, kuma ana cinye wani kaso a gyaran kurakuran wanda ya riga ya shiga kasuwa, wani kaso a gwaji da bugawa. Abin da ya rage bai isa a rushe gini a sake tushe ba, sai dai yaɓe da fenti.

Dalili na biyu kowane ɗan kasuwa ya san shi ba sai an karanta masa ba: ranar da mai goro ɗaya ne ya zo kasuwa, ba ya zaɓen na kirki, ba ya rangwame. Shekara da shekaru PES na kamfanin Konami na Japan yana gogayya da FIFA, kuma waɗanda suka tashi da PlayStation 2 a Maradi da Damagaram da Yamai sun san yawancinsu da PES suka koyi wasa. Sai EA ya yi ta saye izinin amfani da sunayen manyan gasa, har a 2018 ya karɓe na Gasar Zakarun Turai da Konami ya riƙe shekara 10. A Satumban 2021 Konami ya maye gurbin PES da eFootball, wanda ya fito cike da kurakurai har kamfanin ya nemi gafarar jama'a. Tun daga nan kasuwar faifan sayarwa ta zama ta mai goro ɗaya.

Wanda ke son ganin inda rashin kishiya ke kai kasuwa, sai ya dubi Amurka, gidan shi kamfanin, inda ake irin wannan kuka a kan wata ƙwallo daban, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a gudu da ita. A 2004 wani kamfani ya fito da faifan wannan ƙwallo mai suna ESPN NFL 2K5 a kan dalar Amurka 20, abin da ya tilasta wa EA rage farashin nasa faifan, Madden, daga 50 zuwa 30. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, EA ya ƙulla yarjejeniya da hukumar gasar NFL cewa shi kaɗai zai yi amfani da sunayen ƙungiyoyinta da ƴan wasanta. Kishiya ta fita, farashi ya koma inda yake.

Labarin ƙwallon jami'o'insu ya fi wannan darasi. A can gasar ɗalibai ba ƙaramin abu ba ce, domin filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, ya ninka filin Seyni Kountché na Yamai. EA ya daɗe yana fitar da faifan wannan gasa da siffofin ɗalibai ba tare da biyansu ko tamma ba, har a 2009 wani tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando na jami'ar UCLA, Ed O'Bannon, ya kai ƙara kotu. Shari'ar ta sa aka dakatar da faifan bayan NCAA Football 14 na 2013, masoya suka yi shekara 11 suna lallaɓa tsohon. Da aka halatta wa ɗalibai cin moriyar sunansu a 2021, sai College Football 25 ya fito a Yulin 2024, da jami'o'i 134 da ƴan wasa fiye da 11,000, kowannensu an ba shi dalar Amurka 600 da faifai guda. Mai yunwa ba ya tambayar miya: faifan ya zama wasan motsa jiki na na'ura da ya fi kowanne kawo kuɗi a tarihin Amurka. Da College Football 26 ya biyo baya a Yulin 2025, an ƙara kuɗin ƴan wasa zuwa 1,500, jami'o'i sun zama 136, an yi gyare-gyare nan da can, amma kuka irin na rumfunan Dakoro ya fara tashi, cewa kurakuran bara sun biyo faifan bana. Mutanen da suka iya haƙurin shekara 11 da tsohon faifai, sai ga su suna biya kowace shekara suna gunaguni, kuma babu wani kamfani mai faifan da ya ƙunshi jami'o'in nan balle su koma gare shi.

Dalili na uku ya fi sauran ɓoyuwa. Ribar kamfani ba a faifai kaɗai take ba. Cikin wasan akwai wani sashe mai suna Ultimate Team, inda mai wasa ke sayen ƙunshin katunan ƴan wasa ta intanet ba tare da ya san wanda ke ciki ba, cinikin biri a sama ke nan. A shekarar kuɗi ta 2021 wannan sashe ya kawo wa EA dalar Amurka miliyar 1 da miliyan 620 daga wasanninsa na ƙwallo da makamantansu. Kuma duk abin da mutum ya tara a faifan bara ba ya bin sa zuwa na bana, sai ya sake daga farko. Kamfanin da ke da irin wannan rijiya, inda guga ke fitowa cike can zai tura ma'aikatansa. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca a 2018, kuma a Janairun 2019 EA ya daina sayar da kuɗin sayen katunan a ƙasar. Iyayen da ƴaƴansu suka fara wasa ta wayar salula ya kamata su san da wannan tun kuɗin kati bai fara ɓacewa ba.

Akwai kuma gyaran da shekara 30 ba ta kawo ba. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, amma yaron Dakoro ba zai buɗe faifan shekara ya ɗauki Dan Kassawa ta Maradi ya kara da Sahel ta Yamai ba, domin gasar Nijar ba ta ciki. Kamfani yana sauraren kasuwar da ke sayen katuna, kukan wanda ba ya cikin littafin ciniki kuwa ba ya kai wa kunne.

Duk da haka ba dole ba ne a yi ta wannan zagaye. A 2020 Konami ya fito fili ya ce PES 2021 sabunta sunaye ne kawai, ya sayar da shi da rahusa. A Fabrairun 2025 masu yin Football Manager sun soke faifan shekarar ɗungurum, suka mayar wa waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu, saboda aikin bai kai yadda suke so ba. A Barazil kuwa, wani mai ɗakin wasa ne ya fara gyara tsohon PES na PlayStation 2 yana sa sababbin sunaye da riguna, abin da ya shahara da sunan Bomba Patch. Wannan ya nuna cewa abin da ake sayarwa jika 46 a matsayin sabo, babban rabonsa aiki ne da mutum ɗaya zai iya yi a bayan shagonsa.

Saboda haka shawara ga mai rumfa ita ce ya yi wa faifai irin cinikin da ake yi wa raƙumi a kasuwar dabbobi: a duba haƙori, a tashe shi a ga tafiyarsa, sannan a yi tayi. Ya bari wani ya saya, ya je ya buga wasa biyar, ya tambayi kansa ko in an rufe lambar shekara zai iya bambance shi da na bara. Ya tuna farashin faifan nan yakan faɗi ƴan watanni bayan fitowarsa. Masu rumfunan gari ɗaya kuma, in suka haɗa baki a kan sayen sabo shekara biyu-biyu, babu wanda yara za su guje wa, kuɗin da ya rage ya tafi ga manet masu ƙwari da faranti mai hasken rana da zai rage shan mai. Uba kuwa ya zaunar da ɗansa su yi lissafi tare: jika 46 tiya nawa ce ta hatsi a farashin kaka, littafi nawa ne, ƙwallon fata nawa ce da unguwa guda za ta buga har damina ta zagayo.

Ƙorafin samari gaskiya ne, sai dai kamfani ba ya karanta ƙorafi, lissafin ciniki yake karantawa. Muddin wanda ya yi gunaguni da safe shi ne zai miƙa kuɗi da marece, faifan baɗi zai zo da sabuwar riga da tsohon mai tsaron gida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Allah ya ba mai saye basira, ya sa albarka a kasuwa.