Zuwa ga Ma'aikatan Lafiya na Minna: Ba Kowane Jini ne Basir ba

'Yan'uwa likitoci, malaman jinya da ma'aikatan ƙananan asibitoci, daga Bosso har Chanchaga.

Maganata a kan majinyacin da ke ganin jini a bayan gida ce. Tun kafin ya zauna ya riga ya raɗa wa cutar suna: "Likita, basir ne ya matsa mini." Ya sha jiƙo, ya sha na mai lasifika a tasha, sai da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan ya nufo ku. Don Allah kada ku karɓi wannan suna daga bakinsa ku hau rubuta magani. Ku nemi izininsa cikin ladabi, ku ja labule, ku kira ma'aikaci jinsinsa ya tsaya, ku sa safar hannu ku duba da yatsa. Na san nauyin kunya a wurinmu, balle in dattijo ne ko matar aure. Amma a ƙasar nan sankarar hanji ta fi yawan zama a dubura da ƙarshen hanji, kuma da yawanta yatsa na iya kaiwa gare ta. Ko kun ga basir ɗin da idonku, ku tuna yana iya zama tare da tsiro a can sama.

Akasarin wannan sankara daga ɗan tsiro take farawa a bangon babban hanji, kuma yakan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe. Wannan tazara rahama ce, in mun yi amfani da ita. Kada ƙuruciyar majinyaci ta sa ku saki jiki. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara bincike daga 50 zuwa 45, mu kuwa sau da yawa 'yan shekara arba'in da wani abu muke gani, har da waɗanda ba su kai ba. Majina a bayan gida, gudawa da ke musanya da taurin ciki, jin kamar ba a gama ba, rama, ƙarancin jini ga namiji ko ga macen da ta daina al'ada: duk waɗannan na neman a leƙa hanji da na'ura. Atuni da tsargiyar hanji suna nan, musamman ga mutanen bakin ruwa irin na Shiroro da Kainji. Ku yi musu magani, amma in jini bai tsaya ba, ku tura majinyaci gaba, ko da Abuja ce ko Shika, da takarda mai cikakken bayani. Ku kuma fahimtar da shi yadda zai wanke ciki, domin hanjin da bai wanku ba yana ɓoye tsiro.

Ku da ke riƙe da na'urar, ku yi ƙoƙarin ciro tsiro ɗungurungum, ku yi wa gurbinsa alama da tawada in kuna shakkarsa. Ku saka shi a fomalin, ku rubuta inda yake, girmansa, da ko mai wuya ne ko shimfiɗaɗɗe. Kada a zubar da ko ɗaya don ya yi kama da mara lahani, domin ɗakin gwajin nama ne kaɗai ke yanke hukunci. In an sami sankara a ciki, amma akwai tazarar aƙalla milimita 1 tsakaninta da bakin yanka, ƙwayoyinta ba masu muni ba ne, ba ta nutsa sosai ba, ba ta kuma shiga hanyoyin jini da na kaluluwa ba, cirewar na iya wadatarwa, sai bibiya. In ɗaya ya saɓa, sai tiyata a yanke sashen hanjin tare da kaluluwarsa.

A nan ne mutane ke gudu, saboda tsoron jakar bayan gida a ciki. Ku gaya musu ba kowa ake sa wa ba, wasu ma na ɗan lokaci ne, kuma malamai sun yi bayanin sallar mai uzuri. Ku sanar da 'ya'yan wanda aka samu da sankarar da waɗanda suke ciki ɗaya da shi su fara bincike a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano tasa, duk wanda ya riga zuwa.

Roƙona na ƙarshe, ku karɓi lambar wayar majinyaci da ta wani ɗan'uwansa kafin ya fita. Ranar da sakamako ya iso ku kira shi da kanku, kada ku jira sai ya dawo.

Wassalam,
ɗan'uwanku a wannan aiki.