Sigarin lantarki ga mai ciwon suga: an gudu, amma ba a tsira ba



Yau maganar ta gida ce, don haka ku yi mini haƙuri in na ɗan tsawaita.

Yayana ya yi shekara 11 yana bida a Abijan. Kun dai san Adar, da wuya ka shiga gidan da ba shi da ɗa a Kodebuwa, Libiya ko Aljeriya. Ya dawo Tawa da ɗan jarinsa ya buɗe shago, ya kuma dawo da abu biyu da bai tafi da su ba: sigari kwali guda a rana, da ƙishirwar da ba ta yankewa. Dare ɗaya sai ya tashi fitsari sau biyar. Muna ta cewa ai zafin gari ne. Sai da wani ɗan miki a babban yatsan ƙafarsa ya yi wata guda cur bai warke ba, sannan ya yarda muka je asibiti. Aka auna jininsa da safe bai ci komai ba, suga ya wuce giram 2 a lita, alhali daga 1,26 ake fara maganar ciwon suga. Likita ya rubuta magani, ya yi masa bayanin abinci, sannan ya dubi leɓensa da ya yi baƙi ya ce: "Malam, ko sigari ko ƙafa. Ka zaɓi ɗaya."

A nan ne ni, ɗan boko, na shigo da tawa dabarar. Na karanta a intanet cewa a Ingila hukumomin lafiya da kansu ke ba masu shan taba shawarar su koma sigarin lantarki, wanda samari ke kira paf. Wani aboki zai taho daga Yamai, na ba shi saƙo ya sayo mini guda biyu, ɗaya mai ɗanɗanon mangwaro, ɗaya na na'ana'a. Na kai masa shago na ce: "Yaya, ga wanga. Babu wuta, babu toka, tururi ne kawai." Ya jujjuya shi ya ce: "To, kai ka yi karatu. Tunda ka ce."

Wallahi wannan "tunda ka ce" ita ce ta hana ni barci daga baya.

Bayan wata uku ga abin da ya faru. Karan sigari in ka kunna shi, minti biyar ya ƙare, ka yar da guntun. Paf ba ya ƙarewa, ba ya wari, matarsa ba ta ƙorafi, mai sayayya ba ya toshe hanci. Sai ya zama tun daga buɗe shago har rufewa yana hannunsa kamar carbi. Da dare kuma in an zauna fada, an ɗora shayi a kan gawayi, wani ya miƙo kara, sai ya karɓa. Wato maimakon abu ɗaya, ya koma shan biyu. Muka koma awo, suga na nan inda yake, mikin ma bai gama rufewa ba. Majo ya tambaye shi ko ya bar taba, ya ce ya bari. Ya zaro paf daga aljihu yana nuna masa da alfahari. Majo ya girgiza kai kawai, ya dube ni.

Daga ranar na koma na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Bari in faɗa muku gaskiyar duka biyu, don ba na son mu zama masu ɓoye rabin magana.

Gaskiya ta farko: sigari ya fi paf illa. Abin da ya fi kisa a sigari shi ne ƙonawar, wato kwaltar da ke manne wa huhu da iskar guba da ke hana jini ɗaukar iska mai kyau. Paf ba ya ƙona ganye, batir ne ke dumama wani ruwa ya zama tururi. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro shi a 2003, kuma shi kansa mashayin taba ne da ke neman mafita. Akwai bincike masu ƙarfi da suka nuna ya taimaki mutane da dama sun rabu da sigari. Wanda ya ce muku duk ɗaya ne bai faɗi daidai ba.

Gaskiya ta biyu, wadda ni ban tsaya na karanta ba: abin da ke ɗaure mutum ga sigari, wato nikotin, yana nan cikin paf, wani lokaci ma da yawa. Mai ciwon suga kuwa da nikotin ba sa ga maciji. Nikotin na sa jiki ya ƙi jin maganar insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka. Yana kuma tayar da sinadaran firgita a jiki, su kuma su sa hanta ta ƙara zubo suga cikin jini. Sannan yana matse jijiyoyin jini. To ciwon suga da ma aikinsa ke nan, cin ƙananan jijiyoyin ido, na ƙoda da na ƙafa. Ka ga an haɗu biyu a kan jijiya ɗaya. Shi ya sa mikin da zai warke cikin mako ga mai lafiya yake kai mai suga ga yankan ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Tarayyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya sun fitar da bayani a Nuwamban 2023 cewa barin taba na rage haɗarin kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Barin taba suka ce. Ba su ce sauya mata riga ba.

Wani zai ce: to ai kai ma ka yarda ya fi sauƙin illa, kuma Ingila sun yarda da shi, mu su wa? Tambaya ce mai kyau. Amma mu duba yadda suke yi. A can doka ta ƙayyade yawan nikotin, ba a wuce miligiram 20 a kowane mililita. Ana rajistar kayan kafin a sa su kasuwa. Mai son barin taba yana da ma'aikacin lafiya da zai bi shi, ya ce masa wannan watan ka rage, wata mai zuwa ka ƙara ragewa. Duk da haka, da suka ga yara ƴan makaranta sun rungumi paf ɗin nan na sha-ka-yar, sai suka hana sayar da shi daga 1 ga Yunin 2025. Faransa ta riga su, ta hana tun Fabrairun 2025.

Yanzu ku dawo Tawa. Wanda na sayo wa Yaya, irin wancan ne na sha-ka-yar. Rubutun jikinsa ban iya tantance gaskiyarsa ba, kuma wanda ya sayar ma bai iya ba. Wa ya auna ruwan da ke ciki? Wata nawa ya yi cikin kwali a zafin Afirilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, da batir a jikinsa? Wa zai ce wa mai sha ya isa haka, ka rage? Mun ɗauko maganin mutane, mun bar likitan da dokar a can. Ina kuma tambayar kaina: kayan da aka hana a Turai, ina masu su za su kai su? Mun dai san inda tsofaffin motoci da magungunan da suka kusa lalacewa ke ƙarewa.

In ka fita daga birni ka nufi arewa, abin ya fi haka nauyi. Mutumin da ke wani ƙauye a bayan Abalak, Cintabaraden ko Tilliya, awon suga kansa tafiya ce da kuɗin mota. Mai allurar insulin yana fama da inda zai ajiye ta kada zafi ya kashe ta, wasu sai dai su naɗe ta su sa kusa da randa. A can kuma ba sigari kaɗai ba ne, akwai tabar da ake cusawa a baki da kanwa ko toka, maza da mata, har da tsofaffinmu. Da yawa ba su ɗauke ta shan taba ba tunda babu hayaƙi. Ita ma nikotin ce, kuma mai suga da ke tauna ta yana cikin wannan magana tsundum. Wannan tunani na "ba hayaƙi, ba illa" shi ne dai ya yaudare ni da digirina.

To mi ya kamata?

Ga ɗan uwa mai ciwon suga da ke shan taba: inda za ka dosa shi ne ranar da babu nikotin a jininka ko kaɗan. In ka gwada duk hanyoyi sun ƙi, har ka koma paf, to ka bar sigari gaba ɗaya, ko kara ɗaya kada ka haɗa, domin mai haɗa biyun bai tsira daga illar sigari ba. Ka sa wa paf ɗin ranar da za ka yar da shi. Ka faɗa wa likitanka ko majo gaskiya, kada ka ce "na bari" alhali abin na aljihu. Ka kuma sani, makonnin farko bayan barin taba ci na buɗewa, jiki na iya ƙara nauyi, suga na iya yin sama da ƙasa. Wannan ba dalilin komawa ba ne, dalilin ƙara yawan awo ne, don wataƙila a gyara maka magani. Kada ka maye gurbin kara da alewa ko lemun kwalba. Asuwaki, ruwa, ɗan gyaɗa, ko ka tashi ka taka. Kullum da dare ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu.

Ga mu ƴan fada: mu ne rabin matsalar. Mutum ya ce ya bari, sai mu miƙa masa muna dariya, "haba, ɗaya dai". Shayinmu kuwa kun san yadda muke zuba masa suga, na farko, na biyu, na uku. Mi zai rage mu in an zuba wa mutum ɗaya nasa kafin a sa suga? In abokinka na da wannan ciwo, miƙa masa kara ba zumunci ba ne.

Ga hukumomi: Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, kuma muna da doka mai lamba 2006-12 ta 15 ga Mayun 2006, wadda ta hana tallar taba, shan ta a wuraren jama'a da sayar wa yara. An rubuta ta lokacin da ba wanda ya taɓa ganin paf a kasuwar Tawa. Muna son a fito a faɗa a fili, da Hausa da Tamajak da Fulatanci a gidajen rediyo, cewa abin da aka hana game da sigari ya hau kan paf. Muna son ƴan duwan da ma'aikatar lafiya su san abin da ke shigowa da abin da ke cikinsa. Muna son duk wurin da ake duba masu ciwon suga a jihar nan, daga babban asibitin Tawa har ƙananan gidajen likita na karkara, a riƙa tambayar mara lafiya batun taba ana kuma taimaka masa, ba faɗa kawai ba. Cingam da filastar nikotin, waɗanda aka auna adadinsu don a riƙa ragewa sannu a hankali, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009. Mi ya sa samun paf mai ɗanɗanon mangwaro ya fi samun su sauƙi? Maƙwabciyarmu Mali ta hana shisha a 2022. Ko ka yarda da matakin ko ba ka yarda ba, ya nuna ana iya yanke shawara in an so.

Ga masu sayarwa kuma: ku ji tsoron Allah. Ɗanɗanon alewa da kala mai ƙyalli ba don dattijo mai shekara 40 da ke neman barin taba aka yi su ba. Don ƙanenmu na kwaleji aka yi su, wanda bai taɓa kunna kara ba. Yau yana wasa da tururi yana ɗaukar bidiyo, gobe ya wayi gari ba ya iya zama aji sai ya zuƙa.

Yaya dai yanzu wata biyar ke nan bai taɓa sigari ba. Paf ɗin ma ya yar da shi wata biyu da suka wuce, bayan ya yi ta ragewa tare da shawarar majo. Bai zo da sauƙi ba. Akwai makon da ko sallama ka yi masa sai ya harare ka, ya kuma ƙaurace wa fada na ɗan lokaci. Mikin ya rufe, alhamdu lillahi, sugan ma ya fara sauka, ko da yake magani da kiyaye abinci na nan har abada. Rannan na je shago na ce masa: "Yaya, ka yafe mini, na kawo maka abin da ban sani ba." Ya yi dariya ya ce: "Ƙanena, niyyarka mai kyau ce. Amma gaba in za ka yi karatu, ka kai ƙarshen shafi."

Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon suga ta duniya, 31 ga Mayu kuma ta yaƙi da taba. Kada mu jira su. Duk wanda ke da mai suga a gida, ya zauna da shi yau ya tambaye shi abin da ke aljihunsa. Wanda kuma ke yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ya je a auna shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mu da ƙannenmu. Amin.