Sharhi: Ranar da Ladabin Magana Ya Ci Bataliya



Daga cikin ɗabi'un mutanen Ingila waɗanda ba a koyo a aji, sai dai a tsince su wajen mu'amala, akwai ƙanƙanta musiba a baki, ta yadda mutum zai kasance cikin halin ƙaƙa-nika-yi, amma in an tambaye shi sai ya ce al'amarin "a bit sticky" ne, wato ya ɗan yi danƙo, alhali kuwa lafazin nan asalinsa ƙaramar wahala aka ajiye wa, irin ta wanda kuɗin mota ya gaza masa a hanya. Mu ma ai mun san irinta, domin majinyacin da ko kai ba ya iya ɗagawa, in ka ce masa ya jiki, "da sauƙi" zai ce, kuma duk wanda ke ɗakin ya fahimci maƙasudi, saboda yana duban fuskar mai maganar.

To, wayar soja ba ta nuna fuska. A watan Afrilu na 1951, lokacin yaƙin Koriya, rundunar Sin ta ƙetare kogin Imjin da dubban mayaƙa, ta yi wa bataliyar Gloster ta Ingila ƙawanya a kan wani tsauni da taswirar soja ke kira Tudu na 235. An ruwaito cewa da Janar Soule, Ba'amurken da ke shugabantar sashen, ya nemi bayani, sai Birgediya Brodie na sojojin Ingila ya amsa masa da wannan lafazi na "a bit sticky". Da ɗan Ingila ne ya ji, da nan take ya san tura ta kai bango, amma Ba'amurke, wanda al'adarsa ita ce a faɗi abu gwargwadon girmansa ko ma a ƙara masa gishiri, sai ya ɗauki zancen bisa zahirinsa, ya ga babu gaggawar janyewa.

A ganina ba za a ɗora wa kalma uku alhakin yaƙi dungurungum ba, tunda yawan abokan gaba shi ne babban sababi. Sai dai hafsan da ke magana da wanda ba su haɗa urufi ba, a sa'ar da rayuka ke hannunsa, haƙƙi ne a kansa ya ajiye kinaya ya yi bayani ɓaro-ɓaro. Da umarnin ficewa ya iso ranar 25 ga wata, hanya ta riga ta toshe. Fiye da mutum 500 aka kama, har da kwamandansu, Kanar Carne, kuma waɗanda suka kuɓuta ba su wuce 'yan gomomi ba.