NAZARI: Nguru, garin da ake yanke hukuncin ruwansa daga nesa

Daga watan Oktoba, idan hunturu ya fara korar tsuntsaye daga Turai, garken agwagin ruwa kan tsallako Sahara su sauka a fadamar Haɗeja-Nguru, inda suke tarar da 'yan gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela. Wannan taro na cikin dalilan da suka sa a shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma, kadada 58,100, cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi. Tun a 1989 ma Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona da ke ƙasar Bade don ya gane wa idonsa.

Sai dai tsuntsun da ke hana manomin Nguru barci a yau jan-baki ne, wanda garkensa kan cinye gonar shinkafa ko gero kafin mai ita ya ankara. Yawaitarsa kuwa tana da nasaba da yadda ake sarrafa ruwan kogin Haɗeja daga sama.

Nguru, da ke Jihar Yobe a yanzu, tsohuwar mazaunar Galadiman Borno ce, mai tsaron iyakar daular ta yamma da ke fuskantar ƙasar Hausa. A 1930 layin dogo daga Kano ya ƙare a garin, ya mayar da shi matattarar gyaɗa, fatu, ƙaro da shanu. Da harkar jirgin ta durƙushe, sai garin ya koma ga abin da ya rayar da shi tun fil azal: ambaliyar da ke malale fadama da damina ta janye da rani, ta bar wa masunci kifi, manomi danshi, makiyayi ciyawa.

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, duka a Jihar Kano, sun sauya wannan tsari. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya hana hanyoyin ruwa bushewa. Ciyawar kacala ba ta buƙatar abin da ya wuce haka. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin da ke gangarawa Gashuwa, ruwan ya karkata ta Marma ya kwanta a kan gonakin yankin Nguru, alhali na ƙasa da su suna kukan ƙaranci. A cikin wannan kacalar jan-baki ke kwana, yake kuma hayayyafa.

Martanin da hukumomi suka saba shi ne feshin magani da jirgin sama, aikin da ke buƙatar sabon kasafi kusan kowace damina. Feshi na rage tsuntsu na ɗan lokaci, amma ba ya taɓa maɓoyarsa, kuma guba ba ta tantance jan-baki da sauran halittun fadama. Yashe hanyoyin ruwa da daidaita lokacin sakinsa sun fi wuya, ba su kuma da hoton da ɗan siyasa zai liƙa a allon kamfe.

Tun farkon shekarun 1990 binciken masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa ya nuna cewa ruwan da aka bari ya isa fadamar ya fi amfanar da jama'a nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da wanda ake karkatarwa zuwa manyan gonakin ban-ruwa na Kano. A 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogunan. Duk da haka makullin madatsun yana hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, kuma masuncin Nguru ba shi da kujera a inda ake tsayar da ranar buɗe ruwa.

Kogin Jama'are, wanda babu babbar madatsa a kansa, shi ke kai mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa. A kansa ne aka tsara madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi, aikin da aka fara aka dakatar tun shekaru da dama, wanda Yobe da Borno suka taɓa fitowa fili suka ƙi, wanda kuma 'yan siyasar Bauchi ba su daina neman a farfaɗo da shi ba.