Labun Kilishi: A Lura Da Gyaɗa

Duk wanda ya san kilishi ya san asirinsa yana cikin labu. Bayan nama ya sha iska a shanya, sai a tsoma shi cikin tunkuzar da aka dama da albasa, citta, kanumfari, masoro, barkono da gishiri, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna masa wuta.

To, amma abin takaici, waɗansu sukan haɗa labu da gyaɗar da ta yi fumfuna, don neman araha, suna zaton yaji zai rufa musu asiri. Irin wannan gyaɗa kuwa takan ɗauki dafin da ke lalata hanta, wanda wutar gashi ba ta kawar da shi. A shekarar 1960 dafin nan ya halaka talotalo wajen 100,000 a Ingila, bayan sun ci abinci mai gurɓataccen garin gyaɗa.

Saboda haka ya kamata sarakunan fawa da ma'aikatan duba-gari su riƙa bincika tunkuza kamar yadda ake duba nama a kwata. Uwayen gida kuma su tsince gyaɗa kafin suya. Jama'a, araha ba ta ado.