Ku Ɗaga wa Madobiyar Gashaka Ƙafa

Mu daina ɗora wa mutanen Sin laifin da hannunmu ya aikata. Gaskiya ne can ake kai katakon madobiya, wanda dillalai suka laƙaba wa suna madrid, a ƙera kujeru da gadaje masu ɗan karen tsada. To amma wa ke riƙe da injin yanka? Wa ke nuna hanyar daji? Wa ke ɗage shinge cikin dare bayan an damƙa masa na goro? Duk 'yan gida ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da aka ƙarar da manyan itatuwa a dazuzzukan Taraba, sai ido ya koma kan Gashaka-Gumti, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya haɗa Taraba da Adamawa. A cikinsa Chappal Waddi yake, tsaunin da babu kamarsa tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ɓangaren Gumti fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, ɓangaren Gashaka kuwa kurmi ne mai duhu da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kan tsaunuka ga hazo ga sanyi. Nan ɓauna da damisa da gwanki suke, da dorina a koguna, da birin chimpanzi irin wanda sai a Najeriya da Kamaru ake samunsa. Wannan wurin ne wasu ke kallo su ga lodin tirela kawai.

Kai mai sara, kuɗi nawa aka ba ka? Ladan yini. Itacen da ka kayar kafin azahar ya girme ka. Kuma kurmin nan shi ke riƙe ruwan damina, ya riƙa sakinsa sannu a hankali zuwa Kogin Taraba, daga nan ya faɗa Binuwai. In ka tsiraita gangaren dutse, ruwa ya kwashe ƙasa ya cike koguna da yashi, da damina ambaliya, da rani ƙafewa. Masunci da manomin fadama da ba su taɓa jin sunanka ba su ke biyan bashin. Makiyayi ma, da ganyen madobiya ke ceton shanunsa a tsakiyar rani, bai tsira ba, ko da yake shi ma yana da nasa laifin na cinna wa daji wuta.

Babban abin kunya yana wuyan masu iko. Tun 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa wa takunkumi, a 2018 kuma aka ce a dakatar da sayenta daga Najeriya. Gungume ba allura ba ce da za a soke a aljihu. Daga Gashaka zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas shinge nawa mota ke wucewa? Ma'aikacin gandu ya kwana a daji da ransa a hannu ya kama ɓarawo, washegari wani mai babbar riga ya buga waya a sake shi. Mai wayar nan ya kamata a fara gurfanarwa, kafin yaron da ke ɗauke da inji.