Lauje ba ya faskare

Yara, wa ya taɓa ganin babansa ya ɗauki lauje zai faskara icce? To, kwamfuta ma haka take. Cikinta akwai kayan aiki iri-iri, ana ce musu manhaja, kowace da aikinta.

Ran nan na iske wani ɗan ajinmu yana haɗa kuɗin cinikin innarsa cikin Word. Ya yi ta ƙirga da yatsu, yana ɓatawa, har aka ɗauke wuta. Word ta rubuta wasiƙa ce da labari. Lissafi na Excel ne ko Calc: ka jera lambobi, ta tara maka. In ka sake lamba ɗaya, jimla ta gyara kanta.

Akwai kuma taswirar tunani, wadda Tony Buzan, mutumin Ingila, ya yaɗa a talabijin ɗin BBC a 1974. Ka rubuta "gero" a tsakiya, ka ja rassa: shuka, noma, girbi, rumbu. Daga rumbu wasu su fito: sussuka, surfe, daka, fura. Manhajar FreeMind tana yin wannan, kyauta ce kuma. Daɗinta, kana iya ɗauke reshe ka kai shi wani wuri ba ka goge komi ba.

Amma ni a ganina, taswira mai rassa goma allo da alli sun ishe ta. Ba ruwansu da wuta, ba sai kun jira wani ya tashi daga kujera ba. Ran da rassa suka cika allo har suka rasa wurin zama, ku zo mu kunna kwamfuta.